Malam Tanimu Murhu da Fes Ɗin La'asar

Duk wanda ya san Malam Tanimu ya san sukurdirebar nan tasa mai jar ƙota. Ba a akwatin kayan aiki take zama ba, a'a, a aljihun gaban riga take, gefen asawaki. Ku da muka yi aiki tare a masaƙar nan ta Challawa kun san ba ƙari nake yi ba: mutumin nan bai iya wuce sukuru bai gwada shi ba. Mu shiga bas daga Panshekara, kowa na kokawar wurin zama, shi yana durƙushe yana ɗaure ƙafar kujera. Ranar sunan ɗana na fari ya zo gidana, kafin ya ce barka sai da ya gama da ƙyauren ɗaki. Na ce, "Malam, ai sai ku zauna ku ci abinci tukuna." Ya ce, "Sale, in zauna ƙofa na kuka a kaina?" In kuwa ka matsa masa, amsarsa ɗaya ce: "Kaya ba lalacewa suke ba, kwancewa suke."

Yau kwana bakwai da muka kai shi makwancinsa, ga shi mun taru muna ta dariya kamar ba gidan rasuwa ba. To, ni dariyar tawa da nauyi a ƙarƙashinta. Ba don shi ba da an kore ni daga aiki, a lokacin nan da ake ta rage ma'aikata, wanda ya fita ƙofar masaƙa ba ya sake shigowa. Zan zo wurin. Ku dai bar ni in bi ta tawa hanyar, kun san ni da surutu.

Sunan Murhu mu muka laƙaba masa. Shi ne babban mai gyaran lantarki a sashenmu, kuma duk sabon ma'aikaci sai ya sha karatunsa a ranar farko, ko da mai shara ne. Ya tsayar da kai gaban moto, wato na'urar da ke juya inji, ya nuna maka wayoyi uku da ke kai mata wuta. "Kowace waya sunanta fes. Ƙirga." Ka ƙirga. "Kamar duwatsun murhu suke. Zare ɗaya ka gani in tukunyar uwarka za ta zauna." Wani Bazazzagi da aka ɗauka ya ce shi a gidansu da risho ake girki. Malam ya dube shi daga sama har ƙasa ya ce, "Shi ya sa ba ka da ƙwari."

Tsumulmula kuwa, wayyo Allah! Salatif ɗin da ya warware daga tsohuwar waya ba ya yar da shi, naɗe shi yake a jikin fensir, gobe ya sake aiki. Kamfani ya ba shi sabuwar mitar gwajin wuta, ya naɗe ta a tsohon zanen matarsa ya kulle a loka, wai kada ta tsufa. Da me yake gwaji? Da wani guntun katako da ya kafa wa ƙwan fitila uku a jere, da wayoyi uku masu bakin kada. Ya maƙala kowace a fes ɗaya, ya koma gefe ya zauna. In ukun sun haska daidai, lafiya. In ɗaya ya yi ƙyafta ko ya mutu, an kama mai laifi. Na taɓa tambayarsa, "Malam, mitar fa?" Ya ce, "Mita sai ka tambaye ta za ta ba ka amsa. Waɗannan ko ka juya baya suna tsegumi."

Amma babban halinsa, wanda har matarsa ta haƙura da shi, shi ne bai taɓa yin kuskure ba. Ko sau ɗaya! Wata rana muna kallo wuta ta fizge shi, sukurdireba ta yi gabas, hula ta yi yamma, shi ya zauna daɓas a ƙasa. Muka ruga muna salati. "Malam, ta ja ku?" Ya kakkaɓe riga ya ce, "Wa ta ja? Gaisawa muka yi." Wata Lahadi kuma za mu ɗaurin auren wani abokin aiki a Sharada, ya rantse ya san motar da za a hau, ya hana kowa magana. Muka buɗe ido muka gan mu a Bompai. Na ce, "To, Malam, ga mu a Bompai." Ya ce, "Dama akwai wanda nake son gani a nan." Muka tsaya a rana kusan rabin awa yana leƙe-leƙe. Sannan ya ce, "Bai zo ba. Mutanen yanzu ba alkawari." Ko goron ɗaurin auren ba mu samu ba.

To, ga nawa labarin.

Cikin shekarun tamanin ne kamfani ya kawo wani sabon akwati ya haɗa wa injin da nake tuƙawa. Injin busar da yadi ne, dogon nan da yadi ke shiga a jiƙe, ya ratsa ta cikin zafi, ya fito a bushe. Aikin akwatin shi ne sarrafa gudun moto: ka murɗa, yadi ya yi sauri, ka rage, ya tafi a hankali. Wuta ta shiga akwati, akwati ya tura wa moto ta wayoyi uku. Ga shi da wayo kuma. Da ya ji ɗaya daga cikin ukun da ke fita ba ta isa ga moto ba, sai ya kunna jar fitila ya tsayar da komai, don kada moto ya ƙone. Moto dai ya tsira. Yadin da ke cikin zafi kuwa ya tsaya wuri ɗaya ya babbake.

Watannin farko lafiya lau. Sai abu ya fara. Masu aikin safe ba su taɓa ganin jar fitila ba, masu karɓa daga hannuna ma haka. Ni mai kamawa ƙarfe biyu na rana, da an doshi la'asar sai ka ji inji ya yi ɗif, warin ƙonannen yadi ya cika sashe. Yau haka, gobe haka.

Injiniyan da aka ɗora wa akwatin, Injiniya Bashir, mutum ne mai ilimi, ba zan ci zalinsa ba. Ya zo da mitarsa ya auna abin da akwati ke fitarwa, uku cif. Ya auna moto, lafiyarsa ƙalau. Ya canza wani allo a cikin akwatin, ya tayar, inji ya tafi sumul har na tashi aiki. Washegari da la'asar, jar fitila! Da abin ya gagare shi sai ya fara kallona ta gefen ido. Ranar wata Litinin manaja ya kira ni ofis. Ko zama bai ce in yi ba.

"Sale, inji ɗaya, mutum uku ke tuƙa shi, a hannun mutum ɗaya yake tsayawa. Me kake taɓawa?"

Na ce, "Yallaɓai, wallahi ba na taɓa komai."

"To, zuwa Juma'a. In ba a gano komai a jikin inji ba, mun san inda matsalar take."

Na fito daga ofis. Kun san ni da zuciya, da a ce wani lokaci ne da na faɗa masa wadda zai kwana yana juyayi. Amma 'ya'yana uku a lokacin, ga mahaifiyata na ɗauko ta daga ƙauye tana wurina, gonar gado kuma tuni ta zama ta ƙanne. In aka kore ni ban san inda zan dosa da su ba. Tsoro na ji, tsoro na gaske.

Malam Tanimu duk wannan bai sa baki ba, domin tun ranar da aka kawo akwatin aka ce kada ya taɓa, wai na masu digiri ne. Shi kuwa ya ɗauki fushi da akwatin, ko ta gabansa zai wuce sai ya kau da kai. Ranar Talata da hantsi na same shi a ɗakin gyara yana miƙe wata lanƙwasasshiyar ƙusa.

Na ce, "Malam, ku taimake ni."

Bai ɗago ba. "An ce ba nawa ba ne."

"Malam, zuwa Juma'a aka ba ni. Kun san Inna tana wurina."

Ya ci gaba da bugun ƙusar har ta miƙe, ya ɗaga ta ya hanga da ido ɗaya, ya jefa a gwangwani. Sannan ya ce, "Akwatin aka hana ni. Ban ji an hana ni waya ba."

Ranar Laraba ya tashi aikinsa ƙarfe biyu, maimakon ya tafi gida sai ga shi da katakonsa a hammata. Ya maƙala ƙwayayen a wayoyin nan uku daidai inda suke fitowa daga akwati, ya kife bokiti ya zauna a kai. Injiniya Bashir ya zo wucewa ya tsaya.

"Malam Tanimu, wannan kuma mene ne? Kanti za a buɗe?"

"Shaidu ne, Injiniya."

"Ai na auna nan sau goma."

"Ka auna bayan ɓarawo ya gudu. Ni so nake in gan shi yana tsallake katanga."

Aka doshi la'asar, inji ya yi ɗif. Malam bai ko motsa ba. Ya ce, "Ukun suna haske daidai har lokacin da ya tsaya. Akwatinka ba shi da laifi, Injiniya. Gaskiya yake faɗa, mu ne ba mu iya saurara ba." Ni dai ban ji daɗin wannan shaida ba, don in akwati ya kuɓuta, saura ni.

Ranar Alhamis ya mayar da katakon can ɗaya ƙarshen, a bakin moto. Ya sa aka zare yadi mai kyau aka saka tsumma, don kada a ƙara asara. Muna tsaye muna kallon ƙwayayen. Can sai na tsakiya ya yi ƙyaf, ƙyaf, jar fitila ta kama. Malam ya miƙe ya daka tsawar da ban taɓa jin irinta daga bakinsa ba.

"Kowa ya tsaya inda yake! Kada wanda ya taɓa ko tsinke! Wuta ta fito daga akwati uku, ta iso moto biyu. A hanya aka tare ta."

Ya kama bin kebul da hannu, taku ɗaya ɗaya, muna biye da shi, har ya zaga bayan inji, wani lungu mai duhu da ba mai shiga sai da dalili. A nan akwai wani tsohon makunni a jikin bango, mai dogon hannu, wanda kebul ke ratsawa kafin ya kai ga moto. Ka ɗaga hannun sama wuta ta wuce, ka sauke ƙasa ta yanke. Tun kafin a kawo akwati yake nan. Malam ya tsaya cak. A jikin hannun makunnin, ga wata butar ƙarfe cike da ruwa tana reto.

"Ta wace ce?"

Jama'a, tawa ce.

Kun tuna yadda muke da famfon masaƙa, da an kira salla layi har ƙofa. Ni kuwa injina ba ya son a daɗe da barinsa a hannun wani, don haka tun kafin lokaci nake cika butata in ajiye. Da a ƙasa nake ajiyewa, sai 'yan sashe suka gane, kafin in juya wani ya yi alwala da ruwana. Haushi ya ishe ni, na nemo mata maɓoya a lungun nan. Da inji ya tsaya kuma, tunda dai sai an jira injiniya, sai in zaga in ɗauki abata in tafi salla. Injiniya ya zo, ya sauke hannun makunni don ya yi awo, ya gama ya mayar da shi sama da ƙarfi, komai ya koma daidai. Mako uku ina ɗauke shaida da hannuna ban sani ba.

Malam ya sauke butar, ya tura hannun sama, ya ce a tayar. Inji ya tafi lafiya. Ya mayar da buta ya rataye. Ba a daɗe ba nauyin ruwa da girgizar inji suka ja hannun ƙasa ɗan kaɗan, abin da ido ba zai gani ba, sai ɗif. Injiniya Bashir ya riƙe baki, ya ma rasa ko dariya zai yi.

Da aka watse na matso kusa da shi, murya ƙasa ƙasa. "Malam, ku rufa mini asiri."

"Ƙarya kake so in yi?"

"A'a, Malam, amma..."

Ya miƙo mini butar. "Tafi ka yi alwala, lokaci na wucewa."

Sallar nan na yi ta ne kawai, Allah Ya karɓa. Na san Malam Tanimu, ko wuƙa aka sa masa ba zai ce bai ga buta ba. Da na koma gida ban iya gaya wa kowa ba.

Juma'a da safe muka hallara a ofis, ni da Injiniya. Sai ga Malam ya shigo rungume da makunnin, ya kwance shi daga bango ya sa wani a madadinsa. Ya dire shi a kan teburin manaja, bisa takardu, da baƙin mai da komai.

Manaja ya ja kujera baya. "Malam Tanimu, na ji an ce buta."

"Buta ce, Yallaɓai. Ta Sale ce, shi ya rataye ta."

Manaja ya jawo alƙalami.

Malam ya ce, "Kafin ku rubuta, ku ara mini ƙaramin yatsanku. Ku taɓa nan."

Manaja ya ɗora ƙaramin yatsa a hannun makunnin, hannun ya sunkuya. Malam ya buɗe murfin. A ciki haƙoran tagulla ne uku, biyu da sauran jansu, na tsakiya ya yi baƙi ƙirin ya cinye, sifirin ɗin da ke riƙe hannun kuma ya saki.

"Makunni mai lafiya, Yallaɓai, ko ɗan akuya ka rataye masa ba zai motsa ba. Wannan ya daɗe da mutuwa. Ba don butar Sale ta tona shi ba, wata rana wuta zai kama, ga yadi ko'ina."

"To wa ke da alhakin duba shi?"

Malam ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar. Ban taɓa ganin ya yi jinkirin amsa ba sai ranar.

"Ni ne. Duk wata ina zuwa in ɗaure sukurorinsa na waje in wuce. Shekara nawa ban buɗe cikinsa ba. Kuskurena ne. In akwai wanda za a rubuta, ni za a rubuta."

Injiniya Bashir ya sunkuyar da kai. Ni kuwa hawaye kawai na ji a fuskata, ƙato da ni.

Aka rubuta shi ɗin kuwa. Takardar gargaɗi aka ba shi, ta farko a duk shekarun aikinsa, kuma muƙamin shugaban masu gyara da kowa ya san nasa ne a shekarar, aka ba wani. Ni faɗa kawai na sha, aka ce in na sake rataye wani abu a jikin kayan wuta a bakin aikina. Na koma kan injina ƙarfe biyu kamar kullum, ban bar shi ba sai da masaƙar kanta ta rufe.

Da yammacin Asabar na je gidansa, na same shi a ƙofa a kan tabarma. Na durƙusa na gaishe shi.

"Malam, da kun tsaya a kan cewa makunni ya lalace, ba wanda zai tambaye ku..."

"Ya tambaya ai."

"Amma muƙaminku, Malam. Saboda ni."

Ya zaro takardar daga aljihu, ya ninke ta huɗu, ya kaɗa mini a fuska kamar ni na yi masa laifi.

"Kai, Sale, ba ka da lissafi. Ni takarda suka ba ni. Ka ga, na ninke na sa a aljihu. Kai da ƙofa za su nuna maka. 'Ya'ya uku da tsohuwa, a wane aljihun za ka sa su?"

Bai sake yarda an ta da maganar ba har ya bar duniya. Yaran nan uku yanzu kowa da gidansa. Inna kuwa a ɗakina ta cika, a kan katifarta, da cikinta a ƙoshe, ba ta taɓa sanin an kusa fitar da mu ba.

Allah, Malam Tanimu ya tsaya mini a ranar da ba ni da mai tsaya mini. Ka tsaya masa a ranar da ba mai tsayawa sai Kai. Ka yafe masa kurakuransa, wanda ya faɗa da waɗanda ya ƙi faɗa, Ka haskaka kabarinsa, Ka albarkaci bayansa. Amin.